Kabewar Da Ta Haura Katanga

"Sauko daga kan turmin nan, Mairam!"

Tsawar ta riske ta a tsaye kan kifaffen turmi, hannu ɗaya dafe da kan katanga, ɗayan riƙe da igiyar ɗaure yaɗo. Ba ta ji shigowarsa ba. Ranar Laraba ce, kuma a al'ada yayanta Kashim ba ya baro kasuwar shanu ranar Laraba sai an kusa kiran magariba.

"Yaya... yaɗon kabewa nake gyarawa."

"Kabewar ce na ji tana dariya da muryar namiji?"

"Wallahi Yaya..."

Bai bari ta kai ƙarshen rantsuwar ba. Ƙafa ya sa ya shure turmin. Ta taho gaba ɗaya ta faɗa kan buhunan alayyahu, bakinta ya bugi gefen bokiti, leɓenta ya fashe. Ta ji gishirin jini a harshenta kafin ta ji zafin.

Daga bayan katanga wata murya ta taso cike da ɓacin rai.

"Kashim, ka ji tsoron Allah! Ni na fara yi mata magana. In duka ne ga ni nan, zagayo!"

Kashim ya ɗaga gorar da yake kora shanu da ita ya zabga wa katangar, har ƙasa ta zubo.

"Ɗan gidan Muhammadu Sani, ka kiyayi ranar da zan zagayo! Ubanka ya tsiyaye idon ubana, kai kuma ƙanwata ka zo ɗauka? Ka sake ɗora ko da yatsa a kan katangar nan, wallahi a leda zan mayar maka da shi!"

Ya fizge wayar Mairam daga ƙasa inda ta faɗi, ya taka ta da dunduniya har ta yi ƙara.

Wanda bai san asalin magana ba zai ɗauka haukan Kashim na rana ɗaya ne. To, ruwa ba ya tsami banza.

Gidan Malam Gana, mahaifin su Kashim, da na Muhammadu Sani, a wata tsohuwar unguwa cikin garin Potiskum, katanga ɗaya ce ta jar ƙasa ta raba su, kuma tun kafin a haifi masu gidajen akwai rariya a gindinta. Gidan Malam Gana yana tudu, na maƙwabcinsa yana gangare. Ruwan na sama kan bi ta rariyar, ya ratsa tsakar gidan na ƙasa, ya fita titi. Haka kakanni suka shirya, haka kuma aka zauna lafiya.

Sai wata damina Muhammadu Sani ya gina sabon ɗaki a kan hanyar ruwan, ya toshe rariyar da duwatsu da siminti. Malam Gana ya zagaya da magana, magana ta koma zagi, zagi ya koma sanda. Ƙotar fartanya ta sami Malam Gana a idon hagu, shi kuma ya zubar wa maƙwabcinsa haƙora. Kashim yana yaro a lokacin, yana tsaye riƙe da takalman ubansa, ya ga idon ya tsiyaye a kan riga.

Har Malam Gana ya koma ga Mahaliccinsa maganarsa ɗaya ce: kada ɗigon gidansa ya sake shiga wancan gida, kada na can ya shigo nasa. Iyayen biyu duk ƙasa ta rufe su, amma Kashim ya ɗauki maganar ya rataya a wuya kamar laya.

Ruwa kuwa bai san gaba ba. Da aka toshe masa hanya sai ya riƙa kwanciya a gindin katanga yana cin ta. Ya Falmata, mahaifiyar su Mairam, wadda suke kira Ya, ita ta samo masa mafita ba tare da ta ce wa kowa uffan ba. Ta tara buhunan siminti da aka yar, ta cika su da ƙasa da yashi da kashin awaki, ta jera a gindin katangar kamar sahun salla, suka zama tudun da ke karkatar da ruwan sama zuwa zaure. Ta kafa randa a ƙarƙashin kowane indararo. Ta huda gindin tsofaffin bokitai, ta yanke jarkoki, ta kwantar da tayoyi ta cika su da taki. Ruwan alwala, ruwan wankin shinkafa, ɗaurayar kwano wadda ba sabulu a ciki, duk ta hana a zubar a ƙasa. Kowane ruwa yana da bakin da ke jiransa.

Cikin 'yan shekaru tsakar gidan da ke wari ta koma lambu. Ga alayyahu, ga yakuwa da karkashi, ga attarugu da tumatir da kuɓewa, har da na'ana'a a gwangwanin madara.

"Mairam," takan ce, "abin da maza suka kasa haɗiyewa, shuka ta shanye. Ki riƙe lambun nan, shi ke riƙe da gidan nan."

Bara Allah ya karɓi ranta. Ta bar wa 'yarta lambun, da ƙullin 'ya'yan kabewa a tsumma, irin da ta taho da shi daga gidan iyayenta a Barno ranar da aka kawo ta amarya. Mairam ta shuka su da bazara a cikin tsohon daron da aka yi wa ita da Kashim wankan jarirai. Ƙwaya ɗaya tak ta tsiro.

Ita ma kabewa ba ta san wasiyya ba. Ta kama sanda, ta kama katanga, ta haura, ta je can ƙetare ta yi ɗa.

Akwai hukunci a kan irin wannan tun zamanin kakan Mai Unguwa Mahdi, lokacin da gwandar wani mahauci ta sunkuya gidan wani maɗinki. Aka yanke cewa uwa ta mai shuka ce, ɗan da ya faɗa ƙetare na mai ƙetare ne. Da haka aka raba rigimar lemun tsami bayan nan, da haka aka raba ta soso, kuma ba a taɓa jin wanda ya ja da hukuncin ba.

Don haka Mairam ta yi mamaki ranar da ta ga kabewa ta leƙo ta saman katanga a kan tafin hannun mutum.

"Salamu alaikum, masu kabewa! 'Yarku ta yi ɓatan kai!"

Basiru ne, autan Muhammadu Sani, mai tuƙa keke napep tsakanin Potiskum da Nangere. Rabonta da ganin fuskarsa kusa tun suna yara. Ta kifa turmi ta hau.

"Taka ce. Haka hukunci ya ce."

"Na sani. Shi ya sa nake da ikon yin kyauta da ita."

"Yayana zai kashe ni..."

"To ki dafa ki miƙo mini rabi, sai ya kashe mu tare."

Ta tuntsire da dariya, ta farko tun rasuwar Ya.

Daga ranar katanga ta zama dandali. Yakan ɗebo mata baƙar ƙasa daga gonakin Nangere a bayan kekensa, ya zuro mata da igiya. Ita kuma ta zama malamarsa, ga shi ɗalibi mai taurin kai.

"Malama, tumatirina ya mutu."

"Ka huda gindin bokitin?"

"In huda sabon bokitin fenti? Ai ɓarna ce!"

"To ka yi masa wankan gawa da ransa. Shuka tana son ruwa ya wuce ta, ba ya kwana a kanta ba."

"Yaɗon nan naki fa, ya cika mini tsakar gida, har Inna tana tuntuɓe."

"Kada ka yanke! Ka bi shi a hankali. Ita kabewa duk inda gaɓarta ta taɓa ƙasa mai laima, nan take yin sabuwar saiwa."

"Kamar ni ke nan. Na taɓa katangarku, na yi saiwa."

"Basiru!"

"Mairamata, hasken idona... ki ce in turo manya."

Ya turo kuwa. Kawunsa ya zo da goro, Kashim ya bar shi tsaye a ƙofar gida, ko tabarma bai shimfiɗa masa ba. Bayan wannan ne aka yi faɗuwar turmi.

Mairam ba ta iya ƙin yayanta ba, nan ciwon yake. Shi ya bar makaranta ya shiga turmutsitsin kasuwar shanu don ita ta ci gaba da karatu. Shi ya goya ta a bayansa zuwa asibiti ranar da kunama ta harbe ta. Shi ya riƙe kan Ya a cinyarsa har numfashi ya ɗauke. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ko da shi ne yake marinka.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta ji sallama a zaure. Ta san muryar.

Ta leƙa ta labule. Basiru ne tsaye cikin farin kaftani, ya tuɓe takalma, hannayensa a baya.

"Kashim, ka ce kada in taɓa katanga, na bari. Ga ni na zo ta ƙofa, yadda ake zuwa gidan mutunci."

"Fita."

"Da ni da kai ba mu toshe rariya ba. Waɗanda suka yi faɗan suna kwance a maƙabarta ɗaya, Allah ya jiƙansu. Ina neman auren Mairam, don Allah, don Annabi..."

"Kada ka sake kiran sunanta!"

"Ina son Mairam."

Gorar ta tashi sama. Basiru ya ɗaga hannun hagu ya kare kansa, sai aka ji ƙas! kamar an karya busasshen kara. Ya durƙusa. Ta biyu ta same shi a goshi, jini ya ɓalle ya wanke farin kaftanin har ƙirji.

"Yaya, za ka kashe shi! Wayyo jama'a! Yaya!"

Ta rungume ƙafar Kashim, ya ja ta a ƙasa kamar buhu. Masu dawowa daga masallaci suka cika zauren, ƙarti suka rirriƙe shi da ƙyar. Wani ya ce a kira 'yan sanda. Basiru ya ɗago fuska jina-jina.

"Kada wanda ya kira kowa... surukina ne."

Da ma ya zage shi da ya fi sauƙi. Kashim ya yi kukan kura ya watsar da masu riƙe da shi, ya faɗa cikin gida, ya zaro adda daga bayan ƙyaure.

Bai nufi mutum ba. Lambu ya nufa.

"Wannan ciyawar ce ta jawo mini raini! Yau zan ga ƙarshenta!"

Sara ɗaya ya farke buhun farko, ƙasa ta zubo kamar hanji. Ya bi sahun yana sara yana shuri. Ya fasa randuna, ruwa ya malale. Ya tattake tumatir har tsakar gida ta yi ja. Ƙamshin na'ana'a da aka murtsuke ya tashi ya cika ko'ina, ƙamshin hannun Ya.

"Yaya, ba don ni ba! Katangar! Buhunan nan su ke tare mata ruwa, Ya ta faɗa mana!"

"Rufe mini baki!"

Da ta ga ya juya wajen daron, sai ta riga shi. Ta kwanta a kansa rub da ciki, ta rungume gindin kabewar.

"Tashi, Mairam."

"Irin Ya ne, Yaya. Shi kaɗai ya rage a duniya. Sai dai ka haɗa da ni."

"Na ce ki tashi!"

Ya ɗauka za ta kauce. Ita kuma ta ɗauka zai fasa. Addar ta sauka a damtsenta na dama, ta buɗe shi.

Mairam ta ga jininta yana bin ganyen kabewa yana ɗiga cikin daro. Ta ɗaga kai, ta ga idon yayanta ya firfito. Ta zaci zai jefar da addar.

Amma girman kai, in ya hau mutum, ba ya sauka a tsakiyar hanya. Ya janye ta gefe, ya datse kabewar daga gindi, ya kifar da daron ya taka shi har ya lotse. Sannan ya yage rigarsa ya ɗaure mata hannu, ya ɗauke ta cak ya kai ta inda aka ɗinke ciwon. A hanya hawaye ke ta bin gemunsa. Da suka dawo ya kwashe ragowar buhunan ya zubar a bola, ya bar gindin katanga tsirara.

Daga nan ya daina fita kasuwa. Ya kafa kujera a ƙarƙashin 'yar rumfar kwano da ke jingine da katangar, inda Mairam ke renon iri, ya ɗora gora a cinya yana gadi. Salla kaɗai ke tayar da shi.

A irin wannan fitar ce, da azahar, ta ji ana ƙwanƙwasa katanga daga ƙasa. Ta durƙusa kusa da tsohuwar rariyar, inda bango ya ɗan tsage.

"Mairamata... ya hannun?"

"Da sauƙi. Naka fa?"

"Mai ɗori ya ce zan tuƙa keke, amma ba bana ba. Ki saurare ni, abar ƙaunata. Na tambayi malamai. In waliyyi ya ƙi ba da dalili na shari'a, alƙali yana da ikon ɗaurawa. An sha yi."

"Na sani."

"To?"

"Basiru, in na bi ta gaban alƙali na shigo gidanku, Yaya ba shi da kowa. Zai zauna nan shi kaɗai da gora, katanga ɗaya tsakaninmu, yana jin dariyar 'ya'yana ba zai iya ɗaukarsu ba. Ina sonka har ina jin tsoron kaina... amma ba zan taka shi in zo gare ka ba."

Ta ji numfashinsa ta tsagar bangon.

"To zan jira. Ai ke kika koya mini, ba a jan shuka don ta yi tsawo."

Ana haka sama ta buɗe. Watan marka ne, ruwa ya kama kamar da bakin ƙwarya, in ya tsagaita da safe ya dawo da rana. Babu randa, babu buhu, babu bakin da zai sha. Duk abin da indararo ya zubo sai ya gangara ya kwanta a gindin katanga, tun yana idon sawu har ya kai ƙauri. Mairam ta riƙa kwarfa da hannu ɗaya tana kaiwa waje, kamar mai kwashe kogi da ludayi.

"Yaya, bangon ya jiƙe har ƙugu. Ka bari a buɗe rariyar."

"Gara gidan ya nutse."

"To ka tashi daga rumfar nan, don girman Allah!"

"Don ɗan Muhammadu Sani ya sami hanya? Ina nan."

Bayan la'asar ne, ana tsakiyar ruwa, ta ji wani nishi mai nauyi kamar na sa da aka kayar. Ta fito da gudu. A gaban idonta katangar ta sunkuyo, ta kwanta a kan rumfar.

"Yaya!"

Ƙasa ta danne shi daga ƙirji zuwa ƙafa, kwanon rumfa ya lanƙwashe a kansa ya bar fuskarsa a waje. Gindin katangar, inda aka yi toshiyar siminti, yana nan tsaye daram. Ɓaraguzai suka tare gefe da gefe, wurin ya zama kududdufi, kan Kashim a tsakiyarsa. Ruwan ya kai masa kunne.

Ta fara tono da hannun hagu tana ihu. Ƙasar ta yi nauyi kamar dutse, duk abin da ta kwashe sai laka ta mayar.

Wani ya diro ta kan ɓaraguzan. Basiru ne, hannu a ɗaure da karare, rataye a wuya.

"Ba za mu iya fitar da shi kafin mutane su zo ba! Ruwan zai riga mu! Ina taɓarya?"

Ta gane nufinsa. Ta rarumo taɓarya. Siminti ne na shekara da shekaru, ba ya fasuwa da hannu ɗaya. Ya kama da damansa, ta kama da hagunta, suka ɗaga tare.

"Kada ku buɗe!" Kashim ya yi ƙaraji, ruwa a haɓarsa. "Wasiyyar Baba! Mairam, na hana ki! Ku bar ni in mutu!"

Hannunta ya tsaya a sama. Tun da aka haife ta ba ta taɓa tsallake hanin yayanta ido da ido ba.

Daga ƙetare Inna Sa'adiyya, mahaifiyar Basiru, tana tsaye cikin ruwa ba ko mayafi. Ɗakin da mijinta ya gina, wanda take kwana a ciki, shi ne a bakin rariyar.

"Ku fasa!" ta ce. "Ɗaki ya tafi! Ya ci ido, ba zai ci rai ba! Ku fasa, 'ya'yan nan!"

"Ka yafe mini, Yaya," in ji Mairam.

Suka sauke taɓaryar. Suka sake. Ɗinkin damtsenta ya ɓalle, jini ya bi hannun riga, ba ta ji ba. Basiru yana cije leɓe, kowane bugu yana girgiza karayarsa. Ruwan ya rufe bakin Kashim, zagin da yake yi ya koma kumfa.

"Buga, Mairam! Buga!"

Simintin ya tsage. Dutse ɗaya ya zame, na biyu ya bi shi, sai ruwan ya sami hanyar kakanninsa. Ya kwarara da ƙugi, ya faɗa ɗakin Inna Sa'adiyya ta ƙofa, ya fito da tabarmi da kwanuka ya yi titi da su. Fuskar Kashim ta bayyana, yana tari yana aman laka.

Maƙwabta suka iso da shebur da fartanya. Da aka zaro shi, cinyarsa ta dama a karye take. Mai ɗorin da ya ɗaure hannun Basiru shi aka kirawo.

Washegari rana ta fito. An kwantar da Kashim a barandar ɗakinsa, kuma a karo na farko a rayuwarsa babu abin da ya tare masa ganin gidan maƙwabta. Mairam tana ba shi kunu a baki sai ta ga ya daina haɗiya. Ta bi idonsa.

Bokitan fenti ne a jere a kan benci, can gefen da ruwa bai kai ba, kowanne a huje a gindi. Yaɗon kabewa ya bi ta kansu ɗaya bayan ɗaya, a kowane bokiti an binne gaɓa guda. Ganyen kore shar. Har da fure ruwan ɗorawa ya buɗe.

Cokalin ya suɓuce daga hannunta.

"Na datse ta daga gindi," in ji Kashim a hankali. "Da hannuna."

"Ta riga ta yi saiwa a can, Yaya."

"Irin Ya ne?"

"Shi ne."

Ya juya fuska ga bango. Kafaɗunsa suka fara girgiza. Ta bar shi ya yi kukansa, wanda ya riƙe tun ranar da yake tsaye da takalman ubansa a hannu.

Da Mai Unguwa Mahdi ya zo duba ɓarna, maganar katanga ba ta ba shi wahala ba, don an gaji hukuncinta: bangon tsakani, gini na tsakani. Amma da ya tsaya gaban bokitan sai ya daɗe yana shafa gemu.

"Mun gaji cewa uwa ta mai shuka ce, ɗa na mai ƙetare. To ga uwa an sare, ga ɗa ya zama uwa. Iri na gidan Malam Gana, ƙasa ta gidan Muhammadu Sani. Kakana bai bar mini hukunci a kan wannan ba."

"Allah ya ba ka nasara," in ji Kashim daga kwance, muryarsa a dushe, "ni zan yanke."

Kowa ya juyo.

"Basiru, matso."

Basiru ya matso ya durƙusa. Kashim ya daɗe yana kallon hannun da ya karya.

"Me ya sa ba ka bar ni ba?"

"Wa zai ba ni auren in ka mutu? Ni alƙali ba ya burge ni."

Wani abu mai kama da dariya ya kuɓuce wa Kashim, ya ƙare da nishin ciwo.

"Baba ya ce kada ɗigonmu ya shiga gidanku. Jiya kogi ya shiga, kuma da shi na rayu. Allah ya yafe masa, ya yafe mini. Mai Unguwa, ka shaida... a haɗa mai iri da mai ƙasa. Na ba shi."

Mairam ta rufe fuska da mayafi ta fashe da kuka. Inna Sa'adiyya ta rangaɗa guɗa a tsakiyar laka.

Da kaka aka ɗaura auren. An tayar da katanga sabuwa, rariyarta a buɗe, da 'yar ƙofa a tsakiya. An saba a zagaya da amarya gari cikin jerin motoci, amma kayan Mairam ta wannan ƙofa suka bi, har da sabon lambun da ta tayar a jarkoki da buhuna, mata suna ɗauka suna tsokanar ango wai ya auri gona.

Da aka zo fita da ita ta durƙusa gaban yayanta. Yana tsaye dogare da sanda, ƙafar ba ta koma daidai ba. Ya kama hannunta na dama. An zana mata lalle har damtse, amma tabon ya ƙi ɓuya. Ya shafa shi da babban yatsa.

"Ya wuce, Yaya."

"Mairam..." Ya gyara murya, ya kau da kai. "Duka za ki kwashe? Ki bar mini ko guda."

"Kai da ka ce ciyawa ce?"

"Ruwan alwalata ne... ba shi da inda zai je."

Ta dubi rariyar, ga ta nan a buɗe, faɗinta ya isa ruwan damina guda. Ta gane ba ruwan ne damuwarsa ba.

Ta tashi ta shiga ɗakin Ya, ta fito rungume da tsohon daron. An bubbuge lotsewar, amma sawun dunduniyarsa yana nan a gefe. A cikin baƙar ƙasar Nangere ganye biyu ƙanana sun leƙo. Ta ajiye shi kusa da butarsa.

"Safe da yamma, Yaya. Kada ka cika mata ruwa. In ta kama katanga kuma..."

"Na sani," ya ce, hawaye na sauka a kan ganyen. "Zan bar ta ta haura."